Darasin Kiɗa Da Rawa A Firamare: Yana Kan Takarda, Ba Ya Cikin Aji

Duk wanda ya shiga ofishin hedimasta a makarantar firamare ta gwamnati, ya ɗaga kai ya dubi jadawalin darussa da ke manne a bango, zai tarad da wani darasi da aka ba gurbi a cikin mako, wanda ake kira darasin al'adu da fasaha. A cikinsa ne hukuma ta haɗa zane da wasan kwaikwayo da waƙa da kiɗa da rawa. Amma in mutum ya yi haƙuri har lokacin darasin ya yi, ya je ya tsaya bakin taga, da wuya ya ji ko da tafi. Abin da zai gani shi ne malami ya ba yara baya, yana rubuta ma'anar kiɗa da Turanci a kan allo, sa'an nan ya jero sunayen kayan kiɗan Turawa waɗanda shi kansa bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba, yara kuwa suna ta kwafa. Ran jarrabawa a tambaye su, su mayar masa da abinsa, a ba su maki. An yi darasin kiɗa ke nan, ba a kaɗa kome ba. Wannan ma a inda aka kula ne. A wurare da yawa malamin lissafi ne ke cinye lokacin, ko kuwa a kora yara su share fili.

Ba yau hukuma ta fara alkawari a kan wannan al'amari ba. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Da shekara ta kewayo, a 1977, aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta sanya ƙarfafa waƙa da kiɗa da ayyukan fasaha cikin abubuwan da za a yi wa yaron firamare. A wannan shekara ce kuma aka yi gagarumin bikin nan na FESTAC a Ikko, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, aka yi hawan daba a Kaduna, duniya ta taru ta ga kakaki da algaita da tambura. A 1988 aka fito da Manufar Al'adu ta Ƙasa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, hukumar tsara manhaja ta NERDC kuma ta shirya manhajar shekara tara wadda ta fara aiki a 2008, da darasin al'adu da fasaha a cikinta. Gyaran manhaja da aka yi a 2025 ma bai cire shi ba. Ashe ta fuskar takarda ba a rasa kome ba. Takarda ce dai ba ta iya tafi.

To, me ya hana? Abu na farko shi ne malamin kansa. Dattawan da suka yi kwalejojin horon malamai na da, waɗanda suka fito da takardar shaida mai daraja ta biyu, za su tuna cewa ana horar da malami ne ya riƙe aji ɗungum: ya koyar da karatu da lissafi, ya fita da yara fili ya yi musu wasan motsa jiki, ya koya musu saƙa da ginin laka, ya kuma rera musu waƙa. Da aka rufe waɗannan kwalejoji sannu a hankali, aka ce takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar malanta, sai aka sami malamai masu zurfi a fanni ɗaya ko biyu, amma wanda ya karanta kiɗa a cikinsu sai an tona, musamman a jihohin Arewa. Malamin da ba a taɓa koya wa yadda ake tsayar da yara tamanin su yi tafi ɗaya ba, in ya gudu zuwa ga allo da alli, bai kamata a ga laifinsa shi kaɗai ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, domin a zukatan iyaye yake. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma an ɗaure ta da roƙo. Bahaushe yana son kiɗa ƙwarai, yana yi wa makaɗi kyautar riga da doki da mota, amma ba ya son a ce ɗansa ne ke riƙe da kalangun. Sabo da haka in yaro ya komo gida ya ce yau an koya musu kiɗa, abin da uban zai fara cewa shi ne, shi ya kai ɗansa makaranta ne ya zama likita ko alƙali, ba maroƙi ba. Wannan tsoro ba abin dariya ba ne, amma ya kamata a dube shi da idon basira. Ana koya wa kowane yaro lissafi, ba duka ke zama 'yan kasuwa ba. Ana sa su gudu da tsalle, ba duka ke zama 'yan ƙwallo ba. Wanda kuwa Allah ya nufa da waƙa, hani ba ya tsare shi. Alhaji Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya shiga ba, amma ya shiga, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa. Jami'a ta yarda cewa abin da ke bakin Shata ilmi ne, firamare kuwa har yanzu tana jin kunyarsa.

Sai kuma batun addini, wanda shi ne mutane suka fi tsoron taɓawa. Wannan fili ba na fatawa ba ne, kuma kowa ya san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Amma akwai abin da ba a musu a kansa. Koyarwa da waƙa tsohuwar hanya ce ta malaman ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta ilmantar da matan karkara: takan tsara su da Hausa ko Fulatanci, jajis-jajis su haddace, su koma garuruwansu su rera wa 'yan taru. Har gobe kuma, wanda ya wuce ta ƙofar makarantar Islamiyya da la'asar zai ji yara suna rera farillan alwala da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin murya ɗaya, ɗaya yana bayarwa saura suna amsawa. Yaron da ya haddace babi guda na fiƙihu da yamma sabo da an sa masa shi a waƙa, shi ne da safe ake bugu a makarantar boko don ya kasa riƙe jadawalin sau bakwai. Yaro ɗaya ne, kai ɗaya ne. Hanyar ce ta bambanta.

Abin da iyaye ke gudu a gaskiya, in an bi diddigi, shi ne cuɗanyar maza da mata, da batsa, da rawar rashin kunya. Suna da gaskiya kuwa. Sai dai abin mamaki, wannan abin da ake gudu shi ne ya shigo ta bayan gida. Makarantu masu zaman kansu da yawa sukan ware rana ɗaya a shekara su kira ta ranar al'ada, a karɓi kuɗi hannun iyaye, a yi wa yara kwalliya, a ɗauko lasifika a saki waƙar fim ko ta mawaƙan zamani wadda ba don yara aka yi ta ba, a ce 'yan shekara bakwai su kwaikwayi rawar da suka gani a wayar hannu. Iyaye su zauna a rumfa suna ɗaukar hoto. Ba a koyar da kome ba, ba a tsare kome ba. An ƙi darasi mai tsari a ƙarƙashin idon malami, an karɓi wanda ba shi da linzami.

Da can ba makaranta ce ke ɗauke da wannan nauyi ba, dandali ne. In farin wata ya fito, 'yan mata sukan taru su yi gaɗa. Wanda bai taɓa tsayawa ya lura ba zai ce wasa ne kawai, alhali kuwa makaranta ce cikakkiya. Ga mai bayarwa, ga 'yan amshi. Ga tafi iri-iri, wani a kan wani, wanda in yarinya ɗaya ta saɓa kowa zai ji. Ga wadda za ta fito tsakiya ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama, ta dira daidai kan tafi. Yarinyar da ta iya wannan ta koyi ƙidayar lokaci, ta koyi sauraro, ta koyi jiran layinta, ta koyi amincewa da 'yan'uwa, ta kuma koyi tsara magana nan take, gama a gaɗa ne ake saƙa habaici da zambo da yabo. Babu namiji a ciki, babu kuma kayan kiɗa in ba tafi ba. Yara maza kuwa suna da nasu wasannin, ga kuma tashe daga goma ga watan azumi, inda ake haɗa waƙa da rawa da kwaikwayo a yi wa malalaci da marowaci da mai baƙin hali hannunka-mai-sanda.

Yau ina dandalin? A birane an gine shi, an yi shaguna. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba, ba uwar da za ta bar 'yarta waje bayan magariba. Tashe ma ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, har 'yan sanda a Kano sun sha sanar da hana shi sabo da ɓata-garin da ke fakewa da shi, kamar yadda aka yi a azumin 2024. Ba a ga laifin mai tsare rayuka ba. Amma in dandali ya mutu, tashe ya tsaya, makaranta kuma ta kawar da kai, to, ba sauran wurin da yaro zai gamu da waɗannan abubuwa. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya hango haka tun a shekarun 1970, ya tattara littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. Littafi ya tsare kalmomin, amma murya da tafi da taku sai an ji an gani wajen mai rai.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi harshen kansa, wadda ba kasafai ake ambatonta ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, rubutun boko kuwa ba ya nuna ko ɗaya. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, jan wasali ne ya raba su. Kalangu yana magana ne domin makaɗi yana matsa igiyoyin da ke jikinsa da hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka yadda muryar mutum ke yi, shi ya sa mahauci ko ɗan dambe kan ji takensa daga nesa tsikar jikinsa ta tashi, ba tare da an buɗe baki ba. Yaron da aka saba masa da tafa gaɓoɓin kalma, doguwa da gajera, tun yana aji biyu, an buɗe masa kunne ke nan. Ran da ya isa sakandare aka ɗora masa karin rubutacciyar waƙa, ta Sa'adu Zungur ko Mu'azu Haɗeja ko Aƙilu Aliyu, ba zai tsaya yana zare ido ba, domin abin yana cikin tafin hannunsa tun tuni.

Haka nan darasin kayan kiɗa darasin tarihi ne da zaman jama'a, in an sami mai koyar da shi. Kowace sana'a da nata: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma ran gayya, mata da shantu da ƙwarya. Fada kuwa tana da tambari da kakaki da algaita, da kotso irin na Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, da taushi irin na Salihu Jankiɗi. Ga kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya tak, ga gurmin Haruna Uji, ga ƙwaryar Barmani Choge. Duk waɗannan sun riga mu gidan gaskiya, in ji masu iya magana, kuma a yau akwai ɗan aji shida a Kano ko Katsina da zai zana maka hoton fiyano a jarrabawa ya ci, amma in aka ajiye masa kotso da taushi ba zai raba su ba.

Wasu ƙasashe sun bi ta wannan hanya, sun kuwa fita. A Gana akwai wani malami, Ephraim Amu, wanda ya koyar a kwalejin horon malamai ta mishan a Akropong. Da ya dage sai ya koya wa ɗalibansa kiɗa da waƙoƙin ƙasarsu, ya kuma hau mumbarin coci da tufafin gargajiya, shugabannin cocin suka raba shi da aikinsa, ya koma Achimota. Shi ne ya ɗauki wata sarewar gora ta mutanen Akan da ake kira atenteben, ya gyara ramukanta yadda za ta hau kowace waƙa. Yau wannan sarewa ita ce yara ke busawa a makarantun Gana, mutumin da aka kora kuwa hotonsa ya hau takardar kuɗin ƙasar. A Turai ma, a ƙasar Hangari, Zoltan Kodaly ya bi ƙauyuka tun daga 1905 yana ɗaukar waƙoƙin talakawa, ya ce da su za a fara koya wa yaro, da muryarsa kawai, kafin a ba shi wani kayan kiɗa. A 1950 aka buɗe firamare ta farko a garinsu, Kecskemet, inda ake waƙa kowace rana. Dukansu biyu ba da kuɗi suka fara ba. Da abin da ke bakin tsofaffi suka fara.

Wannan ya kawo maganar kuɗi, wadda ita ce mafakar kowane jami'i. In aka tambayi ma'aikatar ilmi, amsa a shirye take: babu kayan aiki. Amma wane kaya? Tafi kyauta ne. Ƙwarya a kife cikin kwano mai ruwa, da 'yan sanduna biyu, kiɗa ne sosai. Caki ɗan duma ne da tsakuwa a ciki. Shantu a gona yake fitowa. Sarewa yaran ƙauye da kansu suke yanka ta. Yara ma za su iya ƙera waɗannan a darasin aikin hannu, su kaɗa su a darasin kiɗa, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Abin tsoro shi ne kada a wayi gari a ji an ba da kwangilar miliyoyin Naira don sayo ganguna da ƙahonin Turawa, a tara su a sito, ɓera da gara su raba.

Abin da ba ya samuwa kyauta shi ne mai koyarwa, amma shi ma yana kusa. Babu gundumar da ba ta da tsohon makaɗi, babu unguwar da ba ta da tsohuwar da ta yi zabiyar gaɗa a zamaninta. Kwamitin iyaye da malamai yana iya gayyatarsu sau ɗaya a mako, a yanka musu ɗan abin goro, bisa sharaɗi bayyananne: malamin aji yana tsaye, an tace waƙoƙin tun kafin a shigo, babu roƙo, babu liƙi, babu zambon kowa. Mata su koya wa mata a gefe guda, maza su koya wa maza. Liman da mai unguwa su zo su gani da idonsu ran farko, gama gani ya kori ji, kuma hedimastan da ya tsallake su ya jawo wa kansa. Hukumomin al'adu na jihohi kuma, irin ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, wadda aka san ta da 'yan rawar Koroso, bai kamata aikinsu ya tsaya ga tarbar manyan baƙi a filin jirgin sama ba. Albashi ake biyansu duk wata. Rabin yini a makarantar firamare ba zai karya su ba.

Masu karatu da ke zaune a Kudu suna da nasu kason a cikin wannan magana. Ɗan Bahaushen Sabo a Badun, ko na Agege a Ikko, ko na unguwar Hausawa a Anaca da Inugu, yakan ga abokan karatunsa sun fito da rawar bata ta Yarbawa ko atilogwu ta Ibo, 'yan Tibi su fito da suwange, in aka juyo kansa aka ce ya nuna ta gidansu sai ya sunkuyar da kai, ko kuwa ya kwaikwayi abin da ya gani a fim. Sarakunan Hausawa na waɗannan wurare da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da halin ɗaukar nauyin mai koyarwa ɗaya. Yaron kuma in ya ga gangar dundun ta Yarbawa ya lura ashe 'yar'uwar kalangu ce, yadda ake matsa wannan haka ake matsa waccan, ya koyi wani abu game da Nijeriya wanda littafin zaman jama'a bai faɗa masa ba.

Kada kuma a ce malaman yanzu ba za su iya ba. A ƙarshen watan Mayu na 2024 aka sa hannu a dokar da ta komo da tsohon taken ƙasa na 1960. Yawancin malaman firamare ba a haife su ba lokacin da aka daina rera shi a 1978. Amma da umurni ya zo daga sama, suka nemo shi, suka koya, suka tsayar da yara a fili kowace safiya har ya zauna, da Turanci ma kuwa. Ashe ana iyawa in an san za a tambaya.

Nan ne maganar ta koma kan masu duba makarantu. Muddin abin da jami'in hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma zai nema in ya zo shi ne littafin shirin darasi da littattafan rubutun yara, to, malami zai ci gaba da cika su da ma'anar kiɗa da Turanci, domin abin da ake aunawa shi ake nomawa. Ran da mai dubawa ya shiga aji uku, ya ture littattafan gefe, ya ce yara su tashi su yi masa waƙa ɗaya da tafinta, rabin aji na bayarwa rabi na amsawa, sa'an nan ya rubuta abin da ya ji a cikin rahotonsa, kafin mako ya kewayo labari ya kai kowace makaranta a gundumar.